Belin Ƙanena

Akwai wani ƙaramin cokalin shayi a cikin jakata, bakinsa ya ɗan lotse, mariƙinsa ya lanƙwashe. Jiya Lahadi Mama ta ba ni shi bayan mun taso daga coci. Na gaya mata hutun haihuwata ya ƙare, kuma na sami matar da za ta riƙe mini yaro idan na tafi ofis. Ta miƙe da kyar saboda ciwon gwiwa, ta shiga ɗaki, ta ɗauko shi ta sa mini a tafin hannu. Ina ganinsa na gane shi. Rabona da cokalin nan ya kusa shekara talatin, amma ko cikin cokula ɗari aka jefa shi zan tsamo shi.

Ni matsoraciya ce, gara in faɗa muku tun yanzu. Mijina yakan ce ko ƙofa ce ta yi ƙara sai na yi addu'a. Ba haka aka haife ni ba, kuma na san ranar da abin ya shige ni.

A Sabon Gari na tashi, a wani gidan haya da ke bayan kasuwa. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta kullum. Baba yana aikin jirgin ƙasa, idan ya tafi sai ya yi kwanaki ba mu gan shi ba. Mama kuma tana buga tafireta a wani ofis a Samaru. Tun kafin bakwai take fita ta kama bas, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Danginmu duk suna can kudancin Kaduna, Kaka kuwa ba ta barin gonarta don kowa. Da aka haifi ƙanena ina shekara bakwai, hutun Mama ya ƙare, dole aka nemo mai raino.

Wata ƙawar Mama ta zumuntar mata ce ta kawo ta. Dattijuwa ce daga wani ƙauye a bayan Basawa, mijinta ya rasu, tana zaune wurin ƙaninta kusa da mu. Iya muke ce mata. Har yau idan na ji ƙanshin man kaɗanya haɗe da hayaƙin itace sai in waiga, don haka zaninta yake ƙanshi. Ba ta da hayaniya. Ita take yi mini kitso, ita ta koya mini tsince shinkafa a faifai. Ƙanena kuwa, kai, sai ka ce ita ta haife shi. Angona take ce masa. Idan ya yi mata fitsari a baya sai ta yi dariya ta ce angon nata ya ba ta tukuici. Kada wani ya ce muku muguwa ce, don ni na zauna da ita.

Ranar da ta fara aiki, Mama ta kama kunnena a gabanta ta ce, "Idan ba na nan, Iya ce uwarki. Abin da ta ce, shi za ki yi. Kin ji ni?" Na ce na ji. Mama ba ta maimaita magana, wanda ya sa ta maimaita kuma jikinsa yakan gaya masa.

Cikin damina ne, muna dogon hutu, ƙanena ya kamu da tari. Watansa bakwai. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, kwata ta cika ta tumbatsa, bangon ɗakinmu ya jiƙe har ya fara tsiro da baƙi-baƙi, shanya takan kwana uku ba ta bushe ba. Yaro ya yi tari har ya amayar da nono. Wata safiya Mama tana ɗaura ɗankwali, Iya ta ɗauki yaron ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta buɗe masa baki ta leƙa. Sai na ga fuskarta ta canja.

"Maman yara, ashe ba a cire wa yaron nan beli ba?"

Beli shi ne ɗan jan naman nan da ke lilo a can cikin maƙogwaro. A gidaje da yawa, kwanaki kaɗan bayan haihuwa ake kiran wanzami ya yanke shi, don an yi imani idan ya girma shi ke kawo tari da amai, har ya toshe wa yaro numfashi. Mama ta ce a asibiti aka haife shi, kuma likita ya ja mata kunne kada a taɓa.

Iya ta mayar da yaron kafaɗarta. Can ta ce ɗanta na fari haka ya fara, tari da amai, daidai wannan watannin. Mijinta ya yi ta jan ƙafa wajen kiran wanzami. A bayanta yaron ya cika, tana tafe a hanyar rafi. "Da idona na gani, maman yara. Ba labari aka ba ni ba."

Mama ta sassauta murya ta ce, "Allah ya ji ƙansa, Iya. Amma na ce a'a. Ga maganinsa nan, cokali ɗaya da safe, ɗaya da rana."

Iya ta sunkuyar da kai ta ce, "To, yadda kika ce."

Bayan kwana uku tarin bai sauka ba. Baba yana hanya. Ranar Laraba ce, an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Mama ta tsaya a kan yaron ta daɗe tana kallonsa, ta duba agogo, ta ɗauki lema ta fita. Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa ba Iya ta goya shi, ta kama hannuna. Ba za ta bar ni ni kaɗai a gida ba, shi ya sa ta tafi da ni.

Muka tsallaka layin dogo, muka bi wasu lunguna da ban taɓa shiga ba, taɓo yana kama mini silifas. A wani zaure muka sami wanzamin, tsoho mai farin gemu da sanyin murya. Ya gaisa da Iya a tsanake, ya tambayi mutanen gida, ya jawo zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba kayan aiki. Ya fito da wani ɗan itace mai faɗi da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki, ya goge ƙarfen a gefen rigarsa. Iya ta zauna ta kwantar da ƙanena a cinyarta, ta danne masa hannuwa da kai. Yaro ya fara harbin iska.

"Ke 'yar nan, riƙe masa ƙafa," in ji Iya.

Na riƙe. Ni na riƙe. Ƙafafunsa ɗumi, ƙanana, duka biyun suka shige cikin hannuwana. Yana fizga ina ƙara matsewa, don an ce Iya ce uwata. Tsohon ya danne masa harshe da itacen, ya zura ƙarfen. Kukan da ƙanena ya yi ya tashi sama, sai ya karye a tsakiya ya koma wani irin gurnani. Wanzami ya fito da abin a kan ƙarfensa, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya nuna wa Iya ya ce, "Kin ga abin da ke cin yaro." Ya barbaɗa masa wani garin magani a baki. Iya tana hawaye tana godiya ga Allah, wallahi hawayen farin ciki ne.

A hanyar dawowa ta saya mini gasasshiyar masara. Ta ce, "Kada ki gaya wa Mamanki. Bari ya warke, ni zan gaya mata da bakina, ta ga tarin ya tafi." Na riƙe masarar har ta huce, ko ƙwaya ɗaya ban iya ci ba.

Da muka koma gida ya yi barci. Da farko na ji daɗi, na ce ashe gaskiyar Iya ce. Amma ina zaune kusa da shi na ga maƙogwaronsa yana motsi, yana haɗiya, yana haɗiya, alhali ba ya shan komai. Wani siririn jini ya biyo gefen bakinsa. Iya ta goge da bakin zani ta ce ƙazantar ce ke fita. Ta goge, ya dawo. Ta sake gogewa, ya sake dawowa.

Wajen azahar ta ba ni shi in riƙe, za ta dama masa kunu. Ina ɗora shi a kafaɗa sai na ji ɗumi ya kwarara mini a ƙirji. Na duba rigata. Jini ne baƙi, guda-guda, mai yawa, ban san ɗan jikin nan zai iya ɗaukar jini haka ba. Duk haɗiyar da yake yi, ashe jininsa yake sha. Kansa ya langaɓe. Tafin hannunsa ya yi fari fat, leɓensa ma haka. Ya buɗe baki zai yi kuka, kukan bai fito ba.

Iya ta saki ludayi ta karɓe shi. Ta kwance ƙullin garin da wanzami ya ba ta, cikin gaggawa har rabin garin ya zube a ƙasa. Ban taɓa ganin babba yana jin tsoro ba sai ranar. Ni a tunanina manya ba sa tsoro, su ake gudu wurinsu. Ta ɗago ta dube ni, idonta jawur, ta ce, "Rufe ƙofa. Sa sakata. Yanzu zai tsaya."

Na je bakin ƙofa, na ɗora hannu a kan sakata. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Muryar Mama tana kunnena, abin da ta ce shi za ki yi. Ina tsoron bulalar Mama, ina tsoron ɓata wa Iya rai, ina jin jinin yana sanyi a ƙirjina. Sai na ji wani ɗan sauti daga bayana, kamar na ɗan tsakon da aka taka. Ban san lokacin da na fita da gudu ba.

A ƙofar gidanmu akwai maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Ibo, mai sayar da garin rogo da manja. Maman 'yan biyu ake ce mata. Mace ce mai faɗa, ta sha zagina a kan famfo. Na tsaya a gabanta na ɗaga mata rigata. Ta ƙwalla ƙara ta kira sunan Allah da yarensu, ta ture tiren gari, ta shiga ɗakinmu kamar iska. Ba ta tambayi Iya komai ba. Ta fizge yaron, ta fito titi ta tsaya a gaban wata tasi har direban ya taka burki da ƙarfi. Iya ta biyo ta ba takalmi, ba mayafi.

A lokacin ba wanda ke da waya a unguwarmu. Kafin ta shiga motar, Maman 'yan biyu ta tare bas mai zuwa Samaru, ta ɗaga ni cak ta jefa ni ciki, ta faɗa mini sunan asibitin sau biyu, ta ce da direba, "Ka sauke ta inda ta nuna maka, idan ta ɓata ni da kai ne!" Ni kuma ta ce, "Je ki kira Mamanki, maza!"

Sau ɗaya tak Mama ta taɓa kai ni ofishinsu. Ruwa ya sake saukowa. Mutanen cikin bas suna ta kallon rigata, wata mata ta ce, "Yarinya, wa ya ji miki ciwo?" Bas ya tsaya a Kwangila, aka sauke buhunan albasa ɗaya bayan ɗaya, ana gardama. Ya tsaya a Palladan, wani ya tsaya neman lemarsa a ƙarƙashin kujera. Duk tsayawar da aka yi sai in ce a raina, yanzu ne ya mutu. Ina leƙen taga ina tsoron kada in wuce wurin, ina kuma tsoron in isa. Da na hango ƙofar mai jan fenti da dogayen itatuwan dalbejiya, na daki jikin motar da hannu biyu.

Mai gadi ya ga rigata bai tsaya tambaya ba, ya kama hannuna muka shiga. Tun daga baranda nake jin ƙarar tafiretoci, kacau-kacau. Mama ce ta biyu daga taga. Ta ɗago kai ta gan ni a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, yatsunta suka tsaya a sama. Ba ta ce me ya faru ba. Ta ce, "Yana numfashi?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama. Ni na riƙe masa ƙafa."

Yana numfashi, amma da kyar. Jinin Mama aka ɗiba aka ƙara masa. Ya kwana tara a asibiti, wurin ya kumbura, zazzaɓi ya shiga, sau biyu ma'aikatan jinya suna fitar da mu daga ɗakin da sauri. Duk kwanakin nan Iya tana zaune a gindin wani mangwaro a wajen asibitin, daga safe har yamma, da jug ɗin kunu a gabanta. Mama takan wuce ta ko kallo babu. Washegari Iya ta sake damo wani ta kawo. Baba ya dawo ya ce sai ya kai ta wurin 'yan sanda, ita da wanzamin. Mama ta ce ya bari, ba shi zai mayar wa yaro jini ba.

Ƙanena ya rayu. Ƙato ne yanzu, yana da 'ya'ya biyu. Muryarsa dai a shaƙe take, kuma idan ya kwankwaɗi ruwa da sauri sai ya biyo masa ta hanci, 'ya'yansa su yi ta dariya. Ni ban taɓa iya yin dariyar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne na daɗe ban yafe wa Mama ba. A ofis an ba ta mako biyu, daga nan aka aiko mata da takardar gargaɗi. Ta nemi wata mai raino, ta nema har ta gaji. Aka kawo wata, ita kanta raino take buƙata. Aka kawo wata, kwana biyu ta gudu. Aka aika wa Kaka, ta ce sai an gama girbi. Aikin Baba kuwa a lokacin ya fara tangal-tangal, tafiretar Mama ce ke ciyar da mu. Wata safiya na ji sallama a tsakar gida, na leƙa, sai ga Iya da zaninta mai ƙanshin man kaɗanya. Na zaci Mama za ta kore ta. Sai na ga ta kwance yaron daga bayanta ta miƙa mata, ta kawar da kai, ta ɗauki jaka. Na bi ta har ƙofar gida ina kuka ina cewa kada ta bar mu. Ta ɓamɓare hannuna daga zaninta ta ce, "Ki sa ido." Ta tafi da sauri, ba ta waigo ba.

Daga ranar cokalin nan ya sami aiki. Kullum Mama ta dawo, kafin ta cire takalmi, kafin ta sha ruwa, sai ta karɓi yaron ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta danne masa harshe da mariƙin cokalin ta leƙa. Da farko ciwon take dubawa. Ciwo ya warke, ba ta daina ba. Babu sauran abin da za a yanke a wurin, amma sai ta duba, Iya tana tsaye a gefe tana kallon ƙasa. Ni kuma na sa ido kamar yadda aka ce. Na daina wasan gaɗa, na daina zuwa gidan ƙawaye. Idan Iya ta goya shi za ta je ko da bakin famfo ne, ina bayanta. Shekara huɗu ta ƙara yi da mu, ban sake jin ta ce masa angona ba. Da ta rasu, Mama ta je gaisuwa can bayan Basawa, aka ce ta fi dangin Iya kuka.

Yanzu ni ce a Samaru, ofishina kuma a Sabon Gari, hanyar Mama ce nake bi a juye. Mijina yana aiki a Kaduna, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ɗana watansa huɗu. Ƙawayena suna ta ba ni shawara, ki sa kyamara a falo, ki riƙa kiran waya duk bayan awa ɗaya, ki ɓoye sarƙoƙinki. Su tsoronsu mai duka ne da mai sata. Ni da kyamara ta ɗauki Iya, abin da za ta nuna shi ne mace tana wa yaro waƙa tana share masa majina. Wadda nake tsoro ita ce wadda za ta so ɗana tsakani da Allah, ta kuma tabbata a ranta cewa ta fi ni sanin abin da zai cece shi.

Mata huɗu na gani kafin na zaɓi ɗaya. Babbar mace ce, mai tsabta, farcenta a yanke, matar fastonmu ta san ta tun suna 'yan mata. Ranar Juma'a ta zo gwaji. Ta ɗauki yaron, ya kwanta a ƙirjinta lamo, shi da ba ya yarda da kowa. Har na fara sakin jiki. Sai ya yi hamma, ta ɗan karkata shi wajen taga ta leƙa, ta ce a hankali, "Madam, an cire masa kuwa?"

Na zauna. Na ba ta labarin nan duka, yadda na ba ku, har da ƙafafun da na riƙe. Na ce ko aska aka wuce da ita ta ƙofar gidan nan ban yarda ba. Ta saurare ni da kyau, har idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Madam, yadda kika ce."

Wannan maganar na kai wa Mama jiya. Na so ta ce mini kada ki bar mata shi, ko ta ce ki ajiye aikin. Ba ta faɗi ko ɗaya ba, don ta san sauran ukun da na gani, ta kuma san abin da ke ciyar da gidana. Cokali ta ba ni. Ina riƙe da shi na dubi hannunta, yatsun nan da tafireta ta lanƙwasa, na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Ke za ki yafe mini. Shekararki bakwai na ce ki sa ido." Ni ko 'yar shekara bakwai ɗin ba ni da ita da zan bari a gida.

Yau da safe na miƙa wa matar yaron, na kawar da kai, na ɗauki jaka. A Palladan na kira waya, a Kwangila na sake kira. A ofis ban san abin da na rubuta ba. Biyar tana bugawa na fito, na haye acaɓa don bas ya yi mini jinkiri. Na tarar tana masa wasa a kan tabarma, yana ƙyalƙyala dariya. Ta ce sannu da dawowa, na amsa. Ban cire takalmi ba. Na ɗauke shi na kai shi bakin ƙofa wurin haske, na ciro cokalin, na danne masa harshe. Yana nan, ɗan ja, yana lilo. Na rungume shi har ya fara kuka. Matar tana tsaye a gefe tana kallon ƙasa, ta ce, "Madam, gobe ƙarfe nawa zan zo?"

Na ce, "Bakwai saura kwata."